Neman rifot ɗin Hajiyarmu a asibiti: kwana 19 ina zarya tsakanin ofishin rikod da kilinik

Salam jama'a. Tun da na yi maganar nan a gurup ɗin unguwarmu mutane ke ta bina ta waya suna tambaya wai ya aka yi na karɓo takardun Hajiya daga asibiti, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta ya huta. Sunan asibitin kam ba zan faɗa ba, babban asibiti ne na gwamnatin tarayya a nan arewa, kuma abin da zan yi magana a kai sashe ɗaya ne kawai, wato ofishin rikod inda ake ajiye fayil ɗin marasa lafiya, wanda mu dai muke ce wa ɗakin kati.

Hajiyarmu ta fi shekara goma tana zuwa asibitin nan, hawan jini da suga, daga baya ƙoda ta fara ba da matsala har aka kwantar da ita sau biyu. To ƙanina da ke Abuja ya samu wani likitan ƙoda a Alƙahira ta hanyar abokin aikinsa, likitan ya ce kafin mu fara maganar biza da tikiti mu turo masa rahoton likitan da ke ganinta, da sakamakon gwaje-gwajen jini na baya musamman na ƙoda, da sikanin, da sunayen magungunan da take sha, ya duba ya gaya mana ko tafiyar ma tana da amfani. Gaskiya na ji daɗin wannan magana don mutane da yawa sai sun sayar da fili sun isa Masar sannan a ce musu abin da ake yi musu a gida shi ne dai za a yi a can. Mu kuma da muka bincika gida abin da ke hannunmu ƙaramin kati ne mai lambar asibiti, da tarin rasit, da wasu 'yan takardun gwaji da suka sha ninki har rubutun ya goge. Shekara goma na jinya, amma duk labarin yana can cikin fayil ɗin da ba mu taɓa buɗewa ba.

Ranar Litinin da sassafe na je ɗakin kati. Layi ne na masu ciro kati za su ga likita, na bi layin nan kusan awa ɗaya, da na iso taga na ce wa matar da ke ciki fayil ɗin mahaifiyata nake so zan yi fotokwafi. Ta ɗago ta dube ni ta ce "Malam ba a ba da fayil, fayil na asibiti ne." Na ce ai uwata ce, ga katinta. Ta ce ko ita ce ta zo da kanta ba za a miƙa mata fayil ta fita da shi ba, balle kai. Wallahi raina ya ɓaci sosai lokacin, na ce to ya zan yi, ta ce in je ofishin shugabansu a baya, mai bi na ya matso. Abin da ya fi min ciwo ba ƙin da ta yi ba ne, a'a, babu ko takarda ɗaya a bango da ta faɗi cewa mai neman rifot ga inda zai je ga abin da zai kawo. Akwai fostar wanke hannu, akwai ta tarin fuka, akwai sanarwar kada a ba kowa kuɗi a hannu, amma wannan babu. Da akwai ai ba zan ɓata awa guda a layin da ba nawa ba, in kuma tare wa marasa lafiya hanya.

A ofishin bayan ne na haɗu da wani dattijo, zai kai shekara hamsin da wani abu, gilashinsa rataye a wuya, shi ne mataimakin shugaban sashen. Mutumin nan Allah ya saka masa da alheri, ya ce in zauna, ya tambaye ni "Hajiyar tana cikin hankalinta? tana magana?" na ce ƙwarai, ya ce to ita ce za ta nema ba kai ba, kai ɗan aike ne. Ya yagi takarda ya rubuta min abin da zan kawo: wasiƙa zuwa ga CMD, wato shugaban asibitin, ta hannun CMAC, shugaban kwamitin ba da shawara kan aikin likitoci, da sunan Hajiya da lambar asibitinta, a faɗi abin da ake so da dalili, ta sa hannu ko ta dangwala, wata 'yar takarda kuma da ta ce ta wakilta ni in karɓa mata, sai kwafin katin shaidarta da nawa. Ya ce in yi kwafi biyu na wasiƙar, in na kai rajistiri, ofishin da ke karɓar wasiƙu, in tabbatar an buga min hatimi da kwanan wata a ɗaya in riƙe. Ya maimaita wannan sau biyu, ya ce "ɗana, wanda aka buga wa hatimin nan shi ne makaminka, kar ka fita ba shi."

Na ce masa Baba amma fa ni ɗanta ne na fari, ni ke biyan kuɗin maganin, me ya sa sai ta sa hannu? Sai ya ce min abin da har yanzu yake raina. Ya ce kullum sai an zo musu, wani ya ce shi miji ne yana son ganin fayil ɗin matarsa, wata ta ce ita uwar ango ce tana so ta san me ke damun yarinyar da ɗanta zai aura, wani kuma rigimar gado ce ta kawo shi yana neman takardar da za ta nuna tsohon ba ya cikin hayyacinsa, kuma kowa da katin a hannunsa yake zuwa don kati ai a gida yake kowa na iya ɗauka. Ya ce in muka ba ka yau don ka ce kai ɗa ne, gobe da wane baki za mu hana wancan. Nan take jikina ya yi sanyi, don na san a garinmu an taɓa fasa aure saboda maganar da ta fito daga bakin wani ma'aikacin asibiti, yarinyar har yau ba ta koma daidai ba. Daga ranar na daina jin haushin matar taga.

Da na dawo gida na bincika, ashe maganarsa doka ce. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 sashe na 26 ta ce duk bayanin mara lafiya sirri ne, ba a fitar da shi sai in shi ya yarda a rubuce, ko kotu ta ba da umarni ko wata doka ta buƙata, ko yaro ne ƙarami iyayensa ko mai riƙonsa suka nema, ko mutum ba ya iya ba da izini da kansa wakilinsa ya nema, ko kuma ɓoyewar za ta zama babban haɗari ga lafiyar jama'a. Sashe na 29 har hukunci ya tanada ga wanda ya yi wasa da rikod, ya canza ko ya kwafa ba izini, ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ko tarar naira 250,000 ko duka biyun. To ka ga ma'aikaciyar da ke taga aikinta take karewa, kuma sirrin uwata take karewa. Amma dokar nan dai ita ce a sashe na 23 ta ce dole ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da lafiyarsa take ciki da maganin da ake masa. Sannan akwai takardar haƙƙoƙin marasa lafiya da Osinbajo ya ƙaddamar a 2018 lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa, sai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023 da Tinubu ya sa wa hannu, wadda ta ba mutum damar ya nemi kwafin bayanansa a wurin duk wanda ke riƙe da su, ya kuma nemi a gyara in an yi kuskure. Wato kwalin fayil ɗin da takardun ciki asibiti ke riƙewa, amma abin da aka rubuta a ciki Hajiya na da haƙƙin ta sani ta kuma samu kwafi, ba alfarma ba ce.

Hajiya ba ta rubutun boko, sai ajami. Na karanta mata wasiƙar na fassara mata, ta ce "yanzu ciwon nawa ma sai na rubuta takarda za a gaya min?" na ce Hajiya don kar wani ya je ya karɓa ba da saninki ba ne, ta yi shiru ta ce to haka ne kuma. Ta rubuta sunanta da ajami ta kuma dangwala a gefe, kuma sun karɓa ba wata matsala.

Talata na kai wasiƙa rajistiri aka buga hatimi. Nan ne fa zaryar ta fara. Wasiƙa ta kwana uku kafin ta sauko daga ofishin CMAC zuwa sashen ƙoda, daga can aka ce sai an ciro fayil, aka je ɗakin kati babu fayil. Ranar da aka ce min "ba a ga fayil ba" gabana ya faɗi ƙwarai, don na san wata maƙwabciyarmu da aka ɓatar wa nata aka buɗe mata na wucin gadi, ta koma kamar yau ta fara zuwa asibiti, duk gwajin da ta yi a baya sai da ta sake biya. Dattijon nan ya buɗe wani babban littafi da suke rubuta fitar fayil da dawowarsa, ya bi da yatsa ya ce ya fita zuwa ɗakin kwanciya na mata tun kwanciyarta ta ƙarshe kuma ba a rubuta ya dawo ba, wata huɗu ke nan. Na ce to ranakun da muka zo kilinik bayan sallama fa da me likita ya duba ta? ya ce a kwamfuta, ai yanzu sabbin bayanai a kwamfuta ake sakawa. Ashe asibitin ƙafa ɗaya a takarda ƙafa ɗaya a kwamfuta, na shekarun baya suna fayil, na kwanan nan suna sistem, kuma ba wanda ya zauna ya haɗa su.

Wani masinja ne ya samo shi, yaro matashi, ya bi ni har ɗakin kwanciyar muka yi wa sista mai kula da ɗakin bayani, ta buɗe wata durowar ƙarfe, fayil sun fi talatin a jibge an ɗaure su da tsohon bandeji, suna jiran likitoci su rubuta takardar sallama. Na Hajiya na can kusan ƙasa, ya kumbura ya yi kauri kamar kundi, gefen ya yage an liƙe da filasta. Yaron ya rungume shi a ƙirji muka taho, ni ko taɓawa bai bari na yi ba, kuma da na miƙa masa ɗan na ruwa ya ƙi karɓa ya ce a dai yi masa addu'a yana karatun rikod ɗin ne a makaranta da yamma. Ina faɗin wannan ne don masu cewa duk ma'aikatan asibiti sai da cin hanci, ni dai a wannan tafiyar ba wanda ya nemi ko sisi a hannuna.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta kai ni ga abu na biyu. Na tambayi nawa ne kuɗin rifot, wani akawu ya ce dubu biyar, wata a wani tebur ta ce dubu goma ne in rifot na kaiwa ƙasar waje ne, wani kuma ya ce fotokwafin daban ake biya. Duk ta Remita za a biya ba a hannu ba, to ba wai wani zai ci ba ne, amma mutum uku magana uku a ofis ɗaya. Na biya dubu goman na karɓi rasit don ina sauri, amma abin ya tsaya min, sai na tuna da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu na shekarar, wadda 'yan jarida ke ce wa FOI. Na rubuta wata wasiƙa daban da sunana ni kaina, na nemi abu biyu: jerin farashin da hukumar asibiti ta amince da shi na rifot da kwafin takardu, da kuma rubutacciyar ƙa'idar da suke bi in mara lafiya ya nemi bayanansa, da kwana nawa ya kamata a ɗauka.

A nan ina so jama'a su gane bambancin don ni ma da farko na haɗa su. FOI ba ta fayil ɗin mara lafiya ba ce, hasali ma sashe na 14 nata ya hana a ba da bayanan sirri na mutane irin na marasa lafiya sai da yardarsu, to kar wani ya ɗauka zai yi amfani da ita ya ciro fayil ɗin kishiyar uwarsa. Ita ta bayanan hukuma ce, farashi, kwangila, kasafin kuɗi, ƙa'idojin aiki, irin waɗannan. Kowa na iya nema kuma ba sai ka faɗi dalili ba, hukuma na da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa, in za ta ƙi sai ta rubuto maka dalili, in ta yi shiru an ɗauka ta ƙi ke nan kana iya zuwa kotu cikin kwana 30. Kuɗin da za a caje ka na kwafi ne kawai. Wanda bai iya rubutu ba ma dokar ta ce wani zai iya nema a madadinsa.

Da na kai wasiƙar rajistiri akawun ya karanta ya sake karantawa ya ce "kai ɗan jarida ne?" na ce a'a ɗan mara lafiya ne. Ya ce lauya fa? na ce a'a. Ya tashi ya shiga ciki ya daɗe, ya fito ya buga hatimi. Na lura daga ranar yanayin yadda wasu ke min magana ya canza, suna ɗari-ɗari kamar na zo da faɗa, wannan kam bai min daɗi ba don ni tambaya na yi, kuma da farashin na manne a bango da ban rubuta komai ba. Na bi ta teburin SERVICOM ma, masu karɓar ƙorafin jama'a a ma'aikatun gwamnati, na faɗa musu, matar wurin ta rubuta a littafi ta karɓi lambata, kuma ta kira ni sau ɗaya ta ji ko an ci gaba, wannan na yaba.

Rifot ɗin kansa wani likita mai neman ƙwarewa ne ya rubuta, konsoltan, wato babban likitan sashen, ya sa hannu, kuma jiran sa hannun nan shi ya ci mako guda don konsoltan ranar kilinik kawai ake samunsa, mutum ɗaya marasa lafiya sun fi ƙarfinsa, ban ga laifinsa ba. Da aka ba ni na tsaya a wurin na karanta kafin in fita, kuma don Allah kowa ya riƙa yin haka. Sunan Hajiya an rubuta shi da wani harafi daban da na fasfo, shekarunta kuma an rage huɗu, don tun ranar da aka buɗe mata kati wanda ya kai ta ya faɗi shekaru da ka. In da na tura haka, ofishin biza za su ga mutum biyu ne. Na koma da kwafin fasfo aka sake bugawa aka sake jiran sa hannu, kwana uku. Ba su yi gardama ba, amma a fayil ɗin kansa sun ce gyaran sai an sake rubuta wata wasiƙar.

Abin da ya sa na ce duk wahalar nan ta biya shi ne layi ɗaya a cikin rifot ɗin. An rubuta cewa Hajiya jikinta ba ya karɓar Septrin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta taɓa sha shekaru da suka wuce jikinta ya yi ƙuraje bakinta ya kumbura har aka kwantar da ita. Likitan ya nuna min a bangon fayil an rubuta da jan biro an ja layi biyu. Wallahi duk gidanmu ba wanda ya tuna sunan maganin, ni ina makaranta lokacin, Hajiya kuma abin da take cewa kawai wani farin ƙwaya ya taɓa ƙona ta. Ka duba fa, da mun ɗauke ta mun kai wata ƙasa ko ma kemis na bakin layi wani ya ba ta. Kuma a kwamfutar ba a shigar da wannan ba sai ranar, a gabana likitan ya shigar. Na tsaya ina kallon jan rubutun nan hawaye suka zo min, wani likita da ban sani ba ya rubuta shi tun shekaru, ƙila ma ya bar ƙasar.

Sakamakon gwajin jini na kwamfuta an buga min su a leb cikin minti ashirin, na takarda kuma masinja ya kai fotokwafi ni ina tsaye, ba duk fayil suka kwafa ba, gwaje-gwaje da rahoton sikanin da takardun sallama biyu kawai, bayanan da likitoci ke rubutawa kullum sun ce an taƙaita su a rifot. Hoton sikanin kuma sashen hoto ne suka sa min a faifai, da kuɗinsa daban. Shawarata ga mai zuwa, a wasiƙar farko ka jero duk abin da kake so ɗaya bayan ɗaya, don abin da ba ka rubuta ba sai ka sake sabon zagaye, ni faifan nan sai da na ƙara kwana biyu a kansa.

In da maki zan ba su, mutanen ofishin rikod huɗu cikin biyar, tsarin kuma biyu, ko biyun ma don hatimin rajistiri na aiki ne. Na samu wasu a layi da suka zo daga ƙauye, wani bawan Allah daga nesa ya taho neman rifot na mahaifinsa, sau uku yana zuwa ba wanda ya gaya masa sai da wasiƙa, ni na zauna a benci na rubuta masa a bayan littafina na nuna masa ofishin dattijon. Shi kuɗin motar da ya kashe ya ninka kuɗin rifot ɗin.

Amsar wasiƙar FOI ta zo bayan kwana 16, ta wuce lokacin da doka ta sa amma ta zo, shafi ɗaya da hatimi, an haɗo jerin farashi, kuma dubu goman da na biya daidai ne na rifot ɗin fita waje, na cikin gida ne dubu biyar. Tambaya ta biyu ta ƙa'idar aiki da adadin kwanaki ba su ce komai a kai ba, na sake rubuta musu tunatarwa makon jiya an buga min hatimi, na kuma roƙi a manna farashin da jerin abin da ake kawowa a jikin tagar ɗakin kati da Hausa da Turanci. Likitan Alƙahira kuma ya duba takardun ya ce a yanzu ba ta buƙatar tafiya, a ci gaba da ganin likitanta a nan, a maimaita gwajin ƙoda bayan wata uku a turo masa. Takardun na yi musu kwafi uku, ɗaya wurin ƙanina, ɗaya wurina, na asalin kuma suna cikin leda a akwatin Hajiya, sunan maganin nan kuma na rubuta shi da manyan baƙi a bayan ƙaramin katinta. Don Allah a sa ta a addu'a.